Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hausawan Legas: A Dawo Da Tukuicin Ɗan Aike

Zuwa ga iyayenmu sarakunan Hausawa na unguwannin Legas, da malamanmu limamai, da alhazai da hajiyoyi, magidanta da matan gida, da matasanmu ma'aikatan ofis masu odar abinci da cefane ta waya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku. Ranku ya daɗe, Allah ya gafarta malamai, ku yi haƙuri da 'yarku za ta yi magana a gaban manya. Abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni mai sana'ar abinci ce a Agege. Ina yin tuwon shinkafa da miyar taushe, da masa, da dambu, da fura. Yawancin masu sayen abincina ban taɓa ganin fuskarsu ba. Su turo oda ta WhatsApp, su yi transfa, yaro mai babur ya zo ya ɗauka ya kai musu Ikeja ko Surulere ko Lekki. Ba don waɗannan yara ba, da cinikina bai wuce bakin layinmu ba. Kullum suna ƙofar gidana, ina jin hirarsu, ina ganin yadda suke fita da yadda suke dawowa. A kansu nake wannan rubutu, kuma roƙona guda ɗaya ne: idan ɗan aike ya kawo maka abinci ko cefane har ƙofar gida, ka ba shi tukuici, ka kuma damƙa masa a hannunsa.

Na sha jin ana musu a kan wannan a wurin biki da suna. Abin da aka fi faɗa shi ne wai al'adar Turawa ce, 'yan boko ne suke son ɗora mana ita. Wannan magana tana ba ni mamaki idan ta fito daga bakin Bahaushe. Wanene a cikinmu bai ɗauki kwanon abinci an rufe da faifai ya kai gidan kaka ko gidan gwaggo ba? Ka yi sallama, a karɓa, a juye, a ce ka tsaya. Sai tsohuwa ta kwance bakin zani ta ciro 'yan sulalla, ko ta shiga ɗaki ta ɗebo maka gyaɗa ko ƙuliƙuli ko alawa. Kwanon ma ba ya komawa haka nan, sai an jefa wani abu a ciki. Masu kai lefe ana ba su tukuici. Wanda ya kawo rigar da sarki ya aiko ana ba shi. Wanda ya kawo albishir ɗin haihuwa, kafin ya buɗe baki an riga an ce masa goro. Ba wata dokar da ta tilasta wa iyayenmu haka. Sun dai ɗauka cewa wanda ya taka ƙafarsa ya kawo maka abu, bai kamata ya juya hannu rabbana ba. Ko wanda ba shi da komai, aka ce yaba kyauta tukuici, wato bakinsa ma ba zai yi shiru ba. A gidajenmu muka taso muka tarar da wannan, tun ba a san waya ba. Abin da ya canja kawai shi ne yau ɗan aiken ba ɗan maƙwabta ba ne, baƙo ne sanye da hular kwano, da akwati a bayansa, sai muka daina ganinsa a matsayin ɗan aike.

Ya kamata mu tuna yadda da yawa daga cikinsu suka faɗo wannan sana'a, domin mu Hausawan Legas abin ya fi shafa. A ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin Legas ta Babajide Sanwo-Olu ta hana acaba da keke napep a manyan sassan birnin. Kamfanonin da ke ɗaukar fasinja ta manhaja, irin su Gokada da MAX, dole suka juya zuwa kai saƙo da wasu harkokin. A ranar 1 ga Yuni 2022 aka sake tsananta dokar a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A watan Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Duk mun ga hotunan baburan da aka kama ana niƙe su. A cikin waɗannan babura akwai na yaranmu 'yan Arewa, waɗanda wasu suka sayar da gona ko dabba suka saya, wasu kuma ko gama biya ba su yi ba. Wasu suka tattara suka koma gida. Wasu suka koma dako da tura baro. Wasu kuma suka nemi babur mai akwati, tunda dokar ta bar masu kai saƙo su yi aiki muddin ba su ɗauki fasinja ba. Ban kawo wannan don in yi jayayya da gwamnati a kan dokarta ba. Na kawo ne don mu san cewa yaron da ke tsaye a ƙofarmu da ledar abinci, wataƙila wannan ce sana'arsa ta biyu ko ta uku, kuma ya zaɓi ya nemi halal a kan titin Legas maimakon ya zauna ya miƙa hannu.

Ba su gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga maganar mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Taya ta tashi, baƙin mai ya tashi, kuɗin bakanike ya tashi. A watan Disamba 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka rufe harkar kai abinci a Najeriya. Idan manyan kamfanoni masu jari suka ga abin ba ya fitar da su, to ku auna yadda yake ga mai babur ɗaya.

Na san amsar da za a ba ni, domin ni ma ana ba ni ita a waya: "Hajiya, ai na riga na biya kuɗin kai kaya." Gaskiya ne. Wanda ya biya abin da aka yanka masa ya sauke haƙƙi, ba wanda zai bi shi bashi duniya ko lahira. Ban ce tukuici wajibi ba ne, kuma ba zan yarda wani ya fake da wasiƙata ya ce haka ba. Amma ina so a san inda wannan kuɗi yake tafiya. Yaran da ke zuwa wurina ba tsari ɗaya suke kai ba. Akwai wanda babur ɗin na wani kamfani ne ko wani mai kuɗi, shi albashi yake karɓa a ƙarshen wata, ko ya kai saƙo goma ko ya kai talatin. Kuɗin da ka biya ba ya shiga aljihunsa. Akwai wanda ya karɓi babur bashi yana biya duk mako, sai ya fitar da balas ɗin mai babur tukuna kafin ya san ko ya samu na abinci. Akwai kuma mai babur ɗin kansa da ke aiki da manhaja irin su Chowdeck ko Glovo, ana biyansa gwargwadon saƙon da ya kai, shi zai sha mai, shi zai yi gyara, shi zai sayi data da katin da zai kira ka. Ga tikiti iri-iri da ake tare su da shi daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, jihar Legas ta ce ita 85,000 za ta biya, amma dokar albashin ba ta haɗa da wanda ake biya da yawan aikin da ya yi ba, ba ta kuma haɗa da wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yawancin yaran da nake gani a nan suke faɗawa. Ranar da mota ta kaɗe shi, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar babu ko sisi.

Akwai abin da ya fi mai cin su, wanda mu masu oda ba ma lissafa shi, wato lokaci. Wani yaro ɗan wajen Katsina da ke yawan ɗaukar mini kaya ya taɓa dawowa bayan isha'i jiƙe sharkaf, takalminsa na fitar da ruwa. Masa ce da miya ya kai wani rukunin gidaje a Lekki cikin damina. Ya ratsa gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ruwa na dukansa, ba inda zai raɓe. Ya isa, masu gadi suka ce ba a shiga da babur, sai mai gida ya ba da izini. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ya tsaya a gindin katanga, ya cire rigar ruwansa ya lulluɓe akwatin don kada abincin ya jiƙe. Da aka ɗauka daga baya, aka ce ya shigo da ƙafa. Ya taka har can ƙarshen layi cikin ruwan da ya kai masa idon sawu, ya hau bene hawa uku. Aka buɗe ƙofa kaɗan, hannu ya fito ya karɓi leda, aka ce masa miyar ta huce, aka rufe. A wannan tsayuwa ya rasa wasu saƙonni biyu da ke jiransa. Da ya gama ba ni labari bai zagi kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Hajiya, da Hausa fa ta yi mini magana." Wannan kalma ita ta tsaya mini a rai. Ba kuɗin ne ya fi yi masa ciwo ba. Ya ji harshen gida, ya sa ran ko sannu za a ce masa.

Ban ce kowa haka yake ba. Akwai alhazai da hajiyoyi da yaran ke rububin kai musu kaya, domin sun san za a tarbe su da fara'a, a ba su ruwa, a sa musu wani abu a hannu. Allah ya saka musu da alheri. Amma waɗanda ba sa yi sun isa a yi magana.

Akwai wata hujja da na fi girmamawa, wadda wasu matasanmu masu ilimi ke kawowa. Suna cewa idan muka saba wa kamfanoni da cewa mai saye zai cika wa ɗan aike, to za su rage abin da suke biyansa, su bar shi da jiran abin da za a ba shi a ƙofa. Wannan tsoro yana da tushe. A Amurka, inda ake sa ran mai cin abinci ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukuici dala 2.13 kacal a awa, kuma tun 1991 wannan adadi bai motsa ba. Nauyin da ya kamata mai kamfani ya ɗauka an juye shi kan mai saye. A 2021 kamfanin Amazon ya amince ya biya dala miliyan 61.7 bayan hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta zarge shi da riƙe tukuicin da mutane suka bai wa direbobinsa masu kai kaya. Sai da birnin Niyok ya kafa doka, daga Disamba 2023, cewa a biya masu kai abinci na manhaja aƙalla dala 17.96 a awa a lokacin, ban da tukuici. Ba na fatan mu bi wannan hanya ta yadda ɗan aike zai dogara da jinƙan mai saye kafin ya ci abinci. Lada daban, tukuici daban. Lada haƙƙi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki, kuma hadisi ya ce a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

To amma ina tambayar 'yan uwana masu wannan hujja: idan ka hana yaron naira 500 yau, kamfani zai ƙara masa albashi gobe? Kamfani bai ma san ka hana ba. Yaron ne kaɗai ya sani. Hanyar da na gani ita ce a riƙe biyun tare. A matsa wa masu kamfani da masu babura su biya lada mai kyau, a kuma ba da tukuici ta hanyar da ba zai bi ta hannun kowa ba. Shi ya sa na ce a damƙa masa a hannu. Idan babu tsabar kuɗi, a tambaye shi lambar asusunsa a tura masa kai tsaye, yanzu kusan kowannensu yana da OPay ko Moniepoint ko PalmPay a wayarsa. Kada kuma a turo wa mai abinci a ce ta ba shi. Ni kaina na fi son kada a bi ta wurina, domin amana ce mai sauƙin mantuwa a ranar da oda ta yi yawa.

Nawa za a bayar? Ban ga dalilin da zai sa mu kwaikwayi lissafin kashi cikin ɗari ba. Wahalar ɗan aike ba ta bin tsadar abin da ya ɗauko. Wanda ya kawo turare mai tsada daga layi na biyu bai sha wuyar wanda ya kawo kwanon tuwo daga Agege zuwa Ajah ba. A duba nisan da ya yi, da nauyin da ya ɗauka, da benen da ya hau, da yanayin da ya fito a ciki. Ruwa ake yi? Dare ne? Gosulo ya riƙe shi a Ikorodu Road? Idan saƙo ne na kusa, mara nauyi, naira 200 ko 300 ba ta yi kaɗan ba, za ta saya masa ruwa da abin taɓawa. Idan ya ratso gari, 500 ko 1,000. Wanda Allah ya buɗa wa ya ƙara. Cefane kuwa sai an fi duba shi. Buhun shinkafa kilo 50 ne. Jarkar man gyaɗa lita 25 ce. Ga tukunyar gas, ga katan-katan na ruwa, ga kwandon tumatur daga kasuwar Mile 12. Aikinsa ya ƙare a bakin ƙofa. Idan ka ce ya hau maka da su bene, ka sa shi aiki na biyu, kuma a nan maganar ta wuce tukuici, ta koma lada. Wannan ka biya shi, ka kuma faɗa masa tun kafin ya ɗora a kafaɗa.

Tunda na ambaci Mile 12, kada in manta da 'yan dako da masu baro, domin su ne masu kai cefane na asali, tun kafin manhaja. Abin yana ɓata mini rai in ga an sayi kayan miya na naira 50,000 ba a ja ciniki sosai ba, sannan a tsaya ana ja-in-ja da yaron da ya ɗauko kayan a ka cikin caɓi, a kan naira 100. Mafi yawan waɗannan yara namu ne, daga Sakkwato da Zamfara da Jigawa da Kabi, kuma abin da suka tara shi suke aikawa gida.

Wani dattijo ya taɓa tambayata ko wannan ba ƙanwar rashawa ba ce. Malamai sun fi ni sani, amma abin da na koya a islamiyya shi ne labarin mutumin da Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, aka ce masa me ya hana ya zauna a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Wannan mai iko ne a kan mutanen da suka ba shi, suna ba shi ne don kujerarsa. Ɗan aike ba shi da ikon komai a kanka. Ya gama aikinsa, kayanka suna hannunka, ba abin da zai iya yi maka ko ya hana ka. Inda nake ganin matsala shi ne idan ka kira shi tun yana hanya ka ce ya tsallake wanda ya riga ka oda ya fara kawo naka, za ka ba shi wani abu. A nan ka sayi layin wani, ka cuci wanda yake jira. Wannan kam a bari.

A kuma kiyayi gori. Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Akwai masu bayarwa amma sai sun tsayar da yaro sun yi masa lacca, ko su jefa masa kuɗin daga saman bene ya tsinta a ƙasa, ko su ɗauke shi bidiyo su sa a Instagram don a ga alherinsu. Yaron nan ba almajiri ba ne, ba bara ya zo ba. Magidanci ne ko mai shirin zama magidanci, ya zo ne a bakin aikinsa. A miƙa masa da hannun dama, a ce Allah ya kiyaye hanya.

Ku ma 'ya'yana masu kai saƙo, ina da magana da ku, kuma kun san ba yau na fara faɗa muku ba. Kada ku roƙa. Kada ku tsaya kuna sosa ƙeya a bakin ƙofa bayan kun miƙa kaya. Kada ku ce ba ku da canji alhali yana aljihunku. Kada ku ɓata rai ga wanda bai bayar ba, domin ba ku san halin da yake ciki ba. Wani ɗalibi ne, kuɗin abincin ma da ƙyar ya haɗa. Wata mai jego ce ita kaɗai a ɗaki, ba ta iya fita, shi ya sa ta yi oda. Wani magani ya aika a sayo da kuɗinsa na ƙarshe. Ranar da tukuici ya koma abin da ake karɓa da dole, ranar kun zama ɗaya da 'yan agbero, wato 'yan tasha masu karɓar kuɗi da ƙarfi, a idon mutane, kuma ku za ku fara yin asara. Sannan ku riƙe amanar abin da aka ba ku, kada a buɗe leda, kada a taɓa nama.

Wanda ba shi da abin bayarwa ba shi da laifi, amma akwai abin da ba ya cin ko kwabo, wanda yaran da kansu suke cewa wani lokaci ya fi musu kuɗi. Ka rubuta adireshi daidai, da wata alama da za a gane, domin lambobin gidajen Legas ba sa bin juna. Idan ka san kaya na hanya, wayarka ta kasance kusa da kai. Ka sanar da maigadi tun kafin ya iso. Ka sauko da wuri. Kada ka ce ya jira ka idar da wanka ko ka gama taro. Idan abinci ya makara, ka tambaya kafin ka yi faɗa, domin sau da yawa jinkirin daga kicin ne, wurin irinmu, shi kuma ya zo ya sha zagin da ba nasa ba. Idan manhaja ta ce ka auna aikinsa da taurari, kada ka rage masa don gishiri ya yi yawa a miya, ba shi ya dafa ba. Ledar fiya wata mai sanyi a tsakar rana kuwa, ba gidan da zai ce ya fi ƙarfinsa.

Azumi ne lokacin da abin ya fi taɓa ni. Kowa so yake abincinsa ya iso kafin a sha ruwa, kuma a Legas magariba tana kaiwa wajen ƙarfe bakwai, daidai lokacin da hanya ta cushe da masu tashi daga aiki. Tun la'asar yaran suke layi a ƙofata, leɓɓansu a bushe, suna ɗaure kunun gyaɗa da ƙosai da farfesu a akwati, ƙamshi na dukan hancinsu. Mafi yawansu a kan babur ake kiran salla, da abincin wani a bayansu. Nakan sa musu dabino da ruwa a aljihu kafin su tashi, amma wannan ba ya isa. Idan ɗan aike ya iso gidanka dab da shan ruwa, ka san ba zai kai ko'ina ba kafin a kira. Ka ce ya sha ruwa tukuna. Ka ɗebar masa daga abin da ke kan tabarma. Muna neman ladan ciyar da mai azumi har mu aika da kuɗi masallatai masu nisa, ga mai azumi Allah ya kawo mana har ƙofa.

Kuma kada a tsaya duba ko namu ne. Da yawa daga masu kai saƙo a garin nan Yarabawa ne da Inyamurai da 'yan wasu ƙabilu, Musulmi da Kirista, har da 'yan mata, har da masu keken hawa da masu tafiya a ƙafa. Rana ɗaya ke dukansu, titi ɗaya suke bi. Mu baƙi ne a Legas ko da an haife mu a nan, kuma abin da ɗan aike ya gani a ƙofar Bahaushe shi zai je ya faɗa a inda suke taruwa.

Allah ya gafarta malamai, ina roƙon ku ware huɗuba guda, musamman kafin azumi ya kama, a kan haƙƙin ɗan aike da ɗan dako da maigadi da 'yar aiki. Mutanenmu suna jin maganarku fiye da ta kowa. Ku bambance musu lada da tukuici, domin wasu suna hana ladan ma suna ganin kyauta ce suka hana.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakuna, akwai 'yan kasuwarmu da suka zuba kuɗi suka sayi babura suka ba yara suna kai saƙo. Waɗannan a ƙarƙashinku suke, kuna iya kiransu. A zauna a duba balas ɗin da ake ɗora wa yaran, a duba wanda zai ɗauki kuɗin asibiti idan an yi hatsari, a kuma hana mai babur ya tambayi yaro abin da aka ba shi a ƙofa, balle ya cire daga albashinsa. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, kada a bar ta a baki. Haka kuma masallatanmu na bakin hanya, a bar musu wurin ajiye babur na 'yan mintoci su yi salla, kada a kore su don akwatinsu ya tare wuri.

'Yan uwana mata masu sana'ar abinci da masu shagunan cefane, mu ma da namu. Kada mu kira yaro alhali tukunya ba ta nuna ba, mu bar shi zaune awa guda a rana. Mu ɗaure miya da kyau don kada ta zube a ɗora masa asara. Idan mai saye ya fasa bayan yaro ya riga ya kai, mu biya shi kuɗin tafiyarsa, mu san yadda za mu ƙare da mai sayen. Kuma a ƙasan saƙon da muke tura wa mai oda cewa kaya sun taso, mu ƙara layi ɗaya da sunan yaron da ke tafe, don idan ya iso a kira shi da sunansa.

Wassalamu alaikum.

'Yarku kuma 'yar uwarku,
Mai sana'ar abinci, Agege, Legas.